Jarumi Ya Zama Ɗan Kaman Kansa: Raha a Finafinan Faɗa Masu Kashi-Kashi

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallo a ƙasar Hausa ya san maganar nan da yara kan yi idan faɗa ya yi zafi, watau "akta ba ya mutuwa." Abin da suke nufi da akta shi ne tauraron fim, jarumin da labari ya rataya a wuyansa, abokin gabarsa kuwa shi ne bos. A ganina wannan 'yar magana ta ƙunshi nazari mai zurfi fiye da yadda masu faɗinta suke zato, kuma a kanta ne wannan maƙala za ta ginu. Tambayar da ake so a amsa ita ce: me ya sa finafinan faɗa waɗanda suka fara da tsanani da ban tsoro, idan aka ci gaba da yi musu kashi na biyu da na uku da na huɗu, sukan ɓige da wasa da raha, har jarumi ya koma yana yi wa kansa ba'a?

Abin da ya jawo hankalina ga wannan batu ya faru ne a Bagwai, da rani, lokacin da aikin lambu ya kankama a bakin madatsar ruwa ta Watari. Bayan sallar lisha samari suka taru a wata rumfar kallo, da yake ba a buga ƙwallo a daren, sai aka sa musu kashi na tara na Fast & Furious, wanda ya fito a 2021. A cikin fim ɗin har mota aka ɗaura wa roka aka harba ta sararin samaniya da mutum biyu a ciki. Ban ga wanda gabansa ya faɗi ba. Dariya kawai ake yi, ana tafawa. Wani dattijo da ke zaune kusa da ni, wanda a ƙuruciyarsa ya sha shiga mota ta Bichi zuwa Kano don ya kalli silima a Plaza ko Wapa, ya dube ni ya ce, "Malam, mu a zamaninmu in faɗa ya kaure addu'a muke yi wa akta. Waɗannan kuwa dariya suke yi masa." Na ce, "Baba, ai shi ma aktan dariyar yake yi." Domin kuwa a cikin fim ɗin akwai inda ɗaya daga cikin jaruman ya tsaya yana mamakin yadda suka sha shiga wuta da harsashi amma ko tabo babu a jikinsu.

Kafin a ci gaba ya kamata a rarrabe abu biyu. Finafinan Hausa na bidiyo, tun bayan Turmin Danya na 1990, sun saba fitowa na ɗaya da na biyu, wani lokaci har na uku, amma galibi labari ɗaya ne aka yanka don kasuwa, aka tsaya a inda ya fi daɗi aka ce a haɗu a kashi na gaba. Ba wannan ake magana a kai ba. Wanda ake nufi shi ne fim ɗin da ya riga ya ƙare, labarinsa ya rufe, sannan saboda ya yi kasuwa aka sake tono jarumin aka ƙirƙiro masa sabuwar fitina. Irin wannan zan riƙa kiransa magaji. Haka kuma kwaikwayon abu don a fito da abin dariyar da ke cikinsa zan kira shi kamanci, saboda sana'ar 'yan kama ke nan a wurinmu, kamar yadda C.G.B. Gidley ya yi bayaninta tun 1967: su ari muryar malami ko ta shahararren makaɗi, su zuba mata zancen tuwo da miya.

2.0 Tsoro Shi Ne Jarin Fim Ɗin Faɗa

Fim ɗin faɗa da abu ɗaya yake ciniki, watau fargabar da ke zuciyar ɗan kallo cewa jarumi zai iya halaka. Ƙarar bindiga da fashewar mota ado ne kawai. To, ranar da aka sanar da kashi na biyu, an taɓa wannan jari, domin ɗan kallo ya gane cewa jarumin ya zama dukiyar kamfani, kuma ba mai yanka saniyar da yake tatsa.

Misali biyu sun isa su nuna wannan, kuma dukansu ba hasashe ba ne, abu ne da ya faru a wurin tsara finafinan. Na farko shi ne Rambo, sunan da har a ƙauyukanmu ya zama laƙabin duk wani mai taurin kai. A littafin David Morrell na 1972 wanda aka ɗauko labarin daga ciki, Rambo mutuwa ya yi. Da aka zo yin fim ɗin First Blood na 1982 an ɗauki ƙarshen da ya mutu, aka gwada wa 'yan kallo, ba su so ba, sai aka sake. Duk da haka fim ɗin farko bai rasa nauyinsa ba. Labari ne na tsohon soja da ya dawo daga yaƙin Biyetnam da ciwo a zuciya, 'yan sandan wani ƙaramin gari suka wulaƙanta shi. Mutum ɗaya tak aka tabbatar ya mutu a cikinsa, kuma ya ƙare ne da Rambo yana kuka a jikin tsohon kwamandansa. Amma zuwa kashi na uku, na 1988, wanda aka kai labarin Afganistan, mutumin nan mai kuka ya zama wanda ke zuba wa rauninsa albarushi ya cinna wuta, sannan ya tuƙa tankar yaƙi ya yi karo da jirgi mai saukar ungulu, ya fito da ransa. Shekara biyar bayan haka, a 1993, aka yi Hot Shots! Part Deux don a yi wa Rambo kamanci, inda jarumi ya ɗana kaza a baka ya harba a maimakon kibiya. Abin lura shi ne masu wannan kamanci ba su sha wata wahala ba. Rambo ya riga ya yi musu rabin aikin.

Misali na biyu ya fi fitowa fili. Lethal Weapon na 1987 labari ne na ɗan sanda Riggs, wanda Mel Gibson ya fito a matsayinsa, mutumin da matarsa ta mutu, baƙin ciki ya kai shi ga sa bakin bindiga a bakinsa. Jarumtarsa ba ta lafiya ba ce. Yana kutsawa cikin haɗari ne saboda bai damu ya rayu ba, abokin aikinsa Murtaugh kuwa magidanci ne mai iyali wanda ke tsoron wannan hauka. Akwai raha a fim ɗin, amma daga wannan saɓani take tsirowa. Marubucinsa Shane Black ya rubuta kashi na biyu inda Riggs zai mutu a ƙarshe, kamfani ya ƙi, shi kuwa ya janye hannunsa. Daga nan sai mu duba abin da ya biyo baya. A kashi na biyu, na 1989, aka shigo da ɗan wasan barkwanci Joe Pesci, aka kuma dasa bam a ƙarƙashin masai Murtaugh na zaune a kai. A na uku, na 1992, fim ya buɗe da jaruman biyu sun tsinke wayar da ba ita ba sun rushe bene, abin ya zama wasa. A na huɗu, na 1998, aka ƙaro wani ɗan barkwancin, Chris Rock, kuma tun a farkon fim Murtaugh ya tuɓe daga shi sai gajeren wando yana kaɗa hannu kamar kaza. Darekta ɗaya ne, Richard Donner, ya yi duka huɗun, saboda haka ba za a ce canjin hannu ne ya kawo wannan ba. Abin da ya faru shi ne Riggs ya warke. Ya sami abokai, ya sami mata, ya daina neman mutuwa. Ciwon da ya haifi labarin ya tafi, sai aka cike gurbinsa da dariya.

A nan al'adarmu tana da misali mai kyau, watau wasan 'yan tauri. Asalin tauri shirin yaƙi ne da farauta, inda ƙarfe ke iya cin mutum da gaske. Amma a dandali, ranar salla ko bikin kalankuwa, kowa ya san wuƙar nan ba za ta kama ba. To, da me ɗan tauri zai riƙe taro? Dole ya ƙara: ya kawo wuƙar da ta fi ta ɗazu, ya goga a wuya, ya goga a harshe, ya karya ta, ya yi tsalle ya yi kirari. Da zarar abin ya wuce wani mizani sai ka ji mutane sun fara dariya, ba don raini ba, sai don tsoro ya ƙare saura mamaki, mamaki kuwa maƙwabcin dariya ne. Haka magajin fim yake. Tun da ba zai iya tsoratar da mu ba sai ya shiga kambamawa, kuma kowane kashi dole ya ɗara na bayansa. John McClane na Die Hard, wanda a 1988 yake tafiya ba takalmi yana cire gilashi daga tafin ƙafarsa jini na zuba, shi ne a 2007 ya harba mota ta kakkaɓo jirgi mai saukar ungulu. Ɓarayin da a 2001 suke tare manyan motoci suna satar kayan lantarki, abokan tafiyarsu ne samarin Bagwai suka gani a sararin samaniya bayan shekara 20.

Ɗaliban adabi za su tuna cewa wannan hanya ba baƙuwa ba ce a rubutunmu. Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara, wanda aka buga a 1934 bayan gasar da Rupert East ya shirya, ya fara ne da yaƙe-yaƙen gaske na zuwan Turawa, inda jarumi ke fuskantar bindigar da ta fi ƙarfin takobinsa. Da tarihi ya hana shi nasara, shi kuma marubuci bai yarda ya kashe shi ba, sai labarin ya tsallaka duniyar aljannu, inda Ganɗoki da ɗansa Garba Gagare ba su da mai tare musu gaba. Bello Kagara bai kai ga yi wa jaruminsa ba'a ba, littafin ya ƙare kafin nan. Amma da kasuwa ta tilasta masa rubuta Ganɗoki na uku da na huɗu, ban san inda zai nufa ba in ba can ba.

3.0 Raha Iri Biyu

Kada mai karatu ya ɗauka ana cewa raha aibi ce a fim ɗin faɗa. Ko kusa. Akwai rahar da ke ƙara wa haɗari nauyi, akwai kuma wadda ke cinye shi.

Ta farko ita ce irin ta Jackie Chan. Bayan rasuwar Bruce Lee a 1973 masu shirya fim a Hong Kong sun yi ta neman wanda zai maye gurbinsa, har ta kai a Game of Death na 1978 aka manna hoton fuskarsa a madubi don a rufe fuskar wani. Wannan shi ne kamanci ba da niyya ba, kuma ya fi kowane muni. Jackie Chan kuwa, a Drunken Master na wannan shekarar, sai ya bi wata hanya: jarumin da in ya kai naushi hannunsa ke yi masa zafi, mai gudu in ya ga an fi ƙarfinsa, mai kare kansa da kujera ko tsani ko duk abin da ya samu. Wannan ɗan'uwan Gizo ne, ba ɗan'uwan Ganɗoki ba. Muna dariya ne saboda yana iya jin ciwo, kuma ya saba nuna mana a ƙarshen fim inda ya faɗi da gaske aka ɗauke shi. A wurin ɗaukar Armour of God na 1986 ƙoƙon kansa ya fashe. Haka kuma Sholay na Indiya, na 1975, wanda iyayenmu suka haddace a gidajen silima na Kano, cike yake da barkwanci, amma barkwancin yana gefe, Gabbar Singh kuwa ba abin wasa ba ne, kuma Jai, wanda Amitabh Bachchan ya fito a matsayinsa, mutuwa ya yi. Akta ya mutu. Ina ganin wannan na daga cikin dalilan da suka sa har yau ba a manta da fim ɗin ba.

Raha ta biyu ita ce wadda fim ke juyowa ya ƙifta wa ɗan kallo ido, kamar yana cewa, "ni da kai mun san duk ƙarya ce." A Terminator 2 na 1991 akwai fitowar da Arnold Schwarzenegger, wanda 'yan kallonmu suka fi sani da Kwamando, ya shiga mashaya ya ƙwace tufafi da babur ya sa baƙin tabarau. A kashi na uku, na 2003, aka maimaita wannan fitowa, sai dai da ya laluba aljihu tabarau mai siffar tauraro ya ciro, irin na 'yan rawa. Wanda bai ga fim ɗin 1991 ba ba zai ga abin dariya a nan ba. Watau rahar ba ta da jarin kanta, aro take yi daga kwarjinin da na baya ya tara. The Expendables 2 na 2012 kusan gaba ɗayansa a kan wannan aro aka gina shi: tsofaffin jarumai suna musayar kalmomin da aka san kowannensu da su, Chuck Norris kuma yana ba da labarin ban dariyar da mutane suka ƙirƙira a kansa. James Bond ya riga su shiga wannan rami, domin a Moonraker na 1979 har tantabara aka nuna tana waiwaye don mamaki, a Octopussy na 1983 kuwa aka sa masa ihun Tarzan yana lilo a kurmi.

A nan ne nake ganin al'adar Bahaushe ta fi waɗannan finafinai hikima wajen rabon aiki. A wurinmu mai kirari daban, ɗan kama daban. Ɗan dambe ba ya shiga fage yana yi wa damben ba'a. Shago bai zama Shago da wasa ba, kuma makaɗinsa Ɗan Anace bai taɓa rage masa kwarjini ba. In za a yi dariya, wani ne daga waje zai zo ya kwaikwayi tafiyar ɗan dambe ko muryar malami, kuma dariyar tana yin armashi ne saboda abin da ake kwaikwaya yana nan da martabarsa. Yaran da ke tashe da azumi suna sa gemun auduga su yi tafiyar tsoho, amma tsohon gaske yana zaure, gobe da safe za su durƙusa su gaishe shi. Idan kuwa jarumi da ɗan kama suka haɗu a jiki ɗaya, wa ake kwaikwaya? Sau ɗaya abin ke yin daɗi. A karo na biyu babu sauran kwarjinin da za a ara.

Su kansu masu sana'ar sun san haka, shi ya sa in bashin ya yi yawa sukan koma su biya da jini. Bayan Moonraker sai aka sauko da Bond ƙasa a For Your Eyes Only na 1981. A Casino Royale na 2006 aka ɗaure shi a kujera aka azabtar da shi. A No Time to Die na 2021 aka kashe shi ɗungurungum. Rambo na 2008 ma ya dawo ba fara'a ko kaɗan.

4.0 Yadda Abin Yake a Gida

Masana'antar fim ta Kano ba ta yi finafinan faɗa masu magada da yawa ba, soyayya da zaman aure suka fi rinjaye a cikinta. Abin sha'awa shi ne ta bi tsohon rabon aikin nan na gargajiya, ta ware wa kamanci ɓangarensa, watau finafinan camama. Marigayi Rabilu Musa Ibro, mutumin Ɗanlasan, wanda ya rasu a Disamba 2014, ɗan kama ne na zamanin bidiyo. A Ibro Usama na 2002 da Ibro Awilo da Ibro Ɗan Indiya, abin da yake yi shi ne ya sa rigar wani mai suna ko mai kwarjini, alhali kowa na ganin ɗan ƙauyen nan matsoraci mai wayo a cikinta. Bai taɓa neman mu yarda shi jarumi ba ne, saboda haka ba abin da ya ci amanarsa. Ana iya sukar finafinansa ta fuskar gaggawa da raunin zubi, amma ta wannan fuska tsarinsu ya fi na Terminator 3 lafiya.

Inda abin ya fi shafarmu shi ne fassarar nan da ake kira Indiya-Hausa, wadda ta bunƙasa a shekarun 2010, kamfanoni irin su Algaita suka yi fice a kanta, kuma ta isa ƙauyuka ta hannun masu tura finafinai a waya. Yawancin abin da ake fassarawa finafinan faɗa ne na kudancin Indiya da irin su Dabangg na 2010 da Singham na 2011 da magadansu, waɗanda tun asali kambamawarsu ta kai maƙura: mari ɗaya mutum ya tashi sama, mota ta yi ƙundumbala a iska. Tun da can Hausawa sun saba yi wa 'yan wasan Indiya laƙabi, kamar yadda Brian Larkin ya kawo cewa ana kiran Dharmendra Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuma Ɗan Daba Mai Lasin, amma wannan a bakin 'yan kallo yake, a wajen fim. Yanzu kuwa mai fassara ya shiga cikin fim ɗin, ya sa wa jarumi kirari da baƙar magana da salon zancen 'yan tasha a baki. Ta fuskar harshe aikin yana da ban sha'awa ƙwarai, kuma ya cancanci ɗalibanmu su yi nazarinsa, domin akwai ƙirƙirar kalmomi da karin magana a ciki wadda ba a samu a littattafai. Sai dai sakamakonsa shi ne raha ta hau kan raha. Fim ɗin da ya riga ya zama ɗan kaman kansa a Indiya, ya zo Kano an sake yi masa kamanci, har ta kai jarumi na karya wuyan mutum yana zolayarsa da Hausa, 'yan kallo na kwashewa da dariya.

Ba na cikin masu cewa fim ne ke koya wa yara daba. Daba ta girmi bidiyo a Kano, kuma dalilanta sun fi gaban allo. Abin da ke damuna a matsayin mai nazarin adabi ya fi wannan ƙanƙanta. A tatsuniya, in Gizo ya yi ha'inci akwai wanda ya cutu, kuma mai ba da labari yakan tsaya a kansa ko da na ɗan lokaci ne. A Sholay an yi makokin waɗanda Gabbar ya kashe. A magadan nan kuwa mutum ɗari za su faɗi ba wanda ke da suna, ba wanda ke da uwa, faɗuwarsu ma ita ce abin dariyar. A daren nan na Bagwai, da aka tashi, na tambayi wani yaro da ke gabana ko mutum nawa yake ganin sun mutu a fim ɗin da muka kalla. Ya yi shiru yana tunani, sannan ya ce, "Malam, ai ba wanda ya mutu, yaran bos ne kawai."